Sifikar Ƙofar Dama

Talata, 15 ga Oktoba, bayan la'asar

Na karɓo tasi daga shagon Hazim mai wayarin mota. Sabon rediyo mai allo, sifika a kowace ƙofa, amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti a ƙarƙashin kujerata, ga wani baƙin akwatin babbar sifika a but da ya cinye rabin wurin kayan fasinja. Tun da na fara tuƙi a garin Zarƙa ban taɓa canza rediyon da mota ta zo da shi ba, amma tsohon ya daɗe da rasa murya. Sai na murɗa shi har ƙarshe kafin in tsinci labarai.

Hazim ya kunna, madubi ya hau rawa. Ya ce, "Baffa Abu Wa'il, yanzu idan ka kunna a nan, sai sun ji a Irbid."

Ban san ko da gangan ya ce Irbid ba. Matata Wijdan tana can garin, wurin yayarta Suhaila, tun makon jiya, tana taya su tsinkar zaitun. Abin da nake gaya wa duk wanda ya tambayi matata ke nan.

Laraba, 16 ga Oktoba, da hantsi

Akwai wani kuka siriri a cikin sautin, kamar sauro ya shiga kunne. Idan na taka totur sai ya hau, idan na saki sai ya sauka. Wani fasinja ya tambaye ni ko kyanwa ce ta maƙale a injin.

Wijdan ba ta kira ba.

Alhamis, 17 ga Oktoba, bayan azahar

Na koma wurin Hazim. Ya ɗaga kujera, ya kwanta a ƙasa rabin jikinsa a waje. Ashe wayar amfilifaya da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota, a kan fenti ya ɗaure ta. Ya kankare fentin har ƙarfe ya yi ƙyalli, ya ɗaure da sabon noti, ya raba wayoyin sauti da na batir, kowanne ya bi gefensa. Sauro ya mutu.

Na ce masa, "Da kai likita ne da ka manta almakashi a cikin mutum."

Ya ce, "Da ni likita ne, baffa, da ba ka same ni a shagon nan ba."

Mun sha shayi a tsaye. Yau shi kaɗai na yi doguwar magana da shi.

Juma'a, 18 ga Oktoba, bayan masallaci

Ɗana Wa'il ya kira daga Kuwait kamar yadda ya saba. Ya tambayi zafi, ya tambayi gwiwata. Bai ce in ba shi mahaifiyarsa ba. Ke nan ya san ba ta nan.

Na ɗumama waken jiya. Na fito da kofin shayi biyu, na mayar da ɗaya.

Lahadi, 20 ga Oktoba, da safe

Sifikar ƙofar dama ta gaba ba ta fitar da komai. Jiya na fara zarginta, yau na tabbatar. Karatun Alƙur'ani na safe gaba ɗaya daga gefen gwiwata ta hagu yake fitowa, can ɗaya gefen kamar ɗakin da aka kwashe kaya. Na shiga saitin rediyo na karkatar da sautin duka zuwa dama. Wani gunaguni kawai nake ji daga nesa, kamar rediyon maƙwabta.

Lahadi, da yamma

Wani dattijo ya zauna gaba, zan kai shi unguwar Sabuwar Zarƙa. Muna tafiya kawai na ji ya daki dashbod da tafin hannu.

"Tun ɗazu nake ce maka dama, dama! Kai direba ne ko gunki?"

Na ba shi haƙuri, na ce rediyo ne. Ya ce rediyon a kashe yake. Mutane sun koyi magana ƙasa-ƙasa yanzu, kowa yana tauna kalmominsa kamar mai azumin magana.

Talata, 22 ga Oktoba, da azahar

Hazim ya cire murfin ƙofar dama. Ya ce ya gano: jan waya da baƙa sun sauya wuri a sifikar, shi ya sa ita da ta hagu suke cinye wa juna nauyin sauti, ɗaya na turawa ɗaya na ja. Ya gyara, ya liƙe wani ƙarfe da ke karkarwa a cikin ƙofar, ya mayar da murfi. Ya kunna, ya lumshe ido kamar mai shan zuma.

"Ka ji, baffa? Yanzu ganga ta zama ganga."

Gangar ta yi nauyi, gaskiya ne. Amma dama shiru. Na ga yadda yake murna, na kasa faɗa masa. Na ce madalla, na tafi.

Laraba, 23 ga Oktoba, bayan la'asar

Na kira wayar Wijdan. Suhaila ce ta ɗauka.

"Tana kwance."

"Da rana tsaka? Ina zaitun ɗin?"

"Zaitun yana kan bishiyarsa, Abu Wa'il. Ta gaji ne."

"To ki ce mata na kira. Ki tambaye ta ina ta ajiye katin iskar gas."

"Katin gas. Shi ke nan abin da za ka tambaya?"

Ban san me kuma ake so in tambaya ba. Sai ta ce, "Kai dai ci gaba da jin rediyonka," ta kashe.

Wa ya kai musu labarin rediyon? Sai dai 'yata Tasnim, ita na tura wa hotonsa.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Dama shiru. Waya shiru.

Asabar, 26 ga Oktoba, da hantsi

Na yi abin da bai kamata ba a shagon Hazim, a gaban abokan cinikinsa. Na ce jabun kaya ya saka min, na ce ya ga furfura ya ɗauka ban san komai ba. Bai rama ba. Ya zagaya ya zauna a kujerar fasinja, ya ƙure sauti, ya ce wallahi ƙofar tana kaɗa masa wando. Ya kamo hannuna ya ɗora a kan ragar sifikar. Tana rawa a tafina kamar ƙirjin tsuntsu.

Na ce, "Rawa daban, sauti daban. Ba rawa na saya ba."

Ya sa na'urarsa ta gwaji a wayoyin, allura ta motsa. Ya ciro wata sabuwar sifika daga kwali ya haɗa. Duk ɗaya. Ya rage sautin, ya daɗe yana kallona, yana juya sukudireba a hannu.

"Baffa, in faɗi wata magana, ba za ka yi fushi ba?"

"Zan yi."

"To shi ke nan. Allah ya ba mu alheri."

Na ja motata.

Lahadi, 27 ga Oktoba, bayan magariba

Maƙwabciyarmu Ummu Rami ta aiko da shinkafa da kaza. Da na mayar da kwanon ta tsaya a bakin ƙofa tana tambayar lafiyar Ummu Wa'il, wato Wijdan, da wata irin murya, tana cewa Allah ya sa kaffara ne. Na ce amin, gajiyar gona ce. Ta dube ni kamar ta ga wanda ya fito masallaci ba takalmi.

Na share falo. Tsintsiya ta kwaso ɗan kunnenta ɗaya daga ƙarƙashin kujera. Na sa a aljihun riga, ban san dalili ba.

Wijdan ba mai yawan fushi ba ce. Idan ta yi, tukwane ne ke faɗa min. Wannan karon ko cokali bai yi ƙara ba. Kwanaki ta yi tana ba ni abinci, tana wanke kwano, tana kwanciya da wuri, sai wata safiya na ga jaka a bakin ƙofa. Na ce in kai ki tasha? Ta ce ta kira wata motar.

Matar direban tasi, ta kira wata motar.

Talata, 29 ga Oktoba, da azahar

Na ci falafel, irin ƙosan nan, a cikin mota a gefen titi. Na lura yanzu ba na son ɗaukar maza, don su gaba suke zama, kuma sai sun yi hira. Mata suna zama baya, suna faɗin unguwa sau ɗaya, kuma ina jin su sarai.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, da safe

Yau ba aiki. Zan gano matsalar nan da kaina, ba na buƙatar kowa. Na shigar da mota inuwar gidan, na aro sukudireba da filaya.

Na fara da amfilifaya: na sauya wayar hagu da ta dama. Idan laifin wayar ne ko amfilifaya, shirun zai koma hagu. Bai koma ba. Na cire murfin ƙofofin biyu, na karya maƙalai ban san adadinsu ba, na ɗauke sifikar hagu mai lafiya na kai ta dama, ta dama na kawo ta hagu. Wadda nake zargi tana zuwa hagu ta buɗe baki tana waƙa. Mai lafiyar tana zuwa dama ta yi gum.

Ba waya ba ce, ba amfilifaya ba, ba sifika ba. To ƙofar ce aljanu suka shiga?

Juma'a, bayan la'asar

Na ce bari in duba na baya. Rediyo yana kunne. Na durƙusa a kan kujerar direba, na juya ina fuskantar but, ina miƙa hannu.

Sai ƙofar dama ta kama waƙa, tas, har da ƙaramar sarewar da ban taɓa sanin tana cikin waƙar ba. Ƙofar hagu kuma ta mutu.

Na juyo gaba. Hagu ta dawo, dama ta mutu. Na sake juyawa baya. Na sake juyowa. Ina ta juyi a kan kujera kamar yaro, har Ummu Rami ta leƙo ta taga.

Na kashe rediyon. Na kira lambar gidanmu da wayata, na sa a kunnen hagu, tana ringin. Na mayar da ita kunnen dama, ban ji komai ba.

Na daɗe a zaune. Murafan ƙofofin suna ƙasa, ban mayar ba.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Ban fita ba.

Lahadi, 3 ga Nuwamba, da yamma

Wataƙila datti ne. Na sayo maganin ɗigawa a kemis.

Talata, 5 ga Nuwamba, bayan azahar

Ba datti ba ne.

Likitan kunne ya saka ni a wani ɗan ɗaki kamar akwati, ya ɗora min abin sauraro a kai, ya ba ni maɓalli in danna duk lokacin da na ji ƙara. Da farko ina ta dannawa, har ina jin daɗin kaina. Daga baya sai aka daina turo ƙarar. Ina zaune ina jira, ina kallonsa ta gilashi, shi kuma yana kallona, hannunsa yana ta murɗa wani abu. Sai na gane ba a daina ba.

Ya tambaya ko na taɓa aiki kusa da ƙara mai ƙarfi. Na ce na yi soja ina saurayi, a kan igwa. Ya gyaɗa kai. Ya ce kunnen dama ya daɗe yana mutuwa a hankali, na hagu ne yake rufa min asiri. Ya yi maganar wata na'ura da ake maƙalawa, ya ce kada in sa rai da yawa. Ya ce tuƙi ba laifi, in dai ina duba madubi.

"Iyalinka ba su taɓa yi maka magana a kai ba?"

Na ce suna yi. Ban ce masa ban ji ba, don kada ya yi dariya.

Laraba, 6 ga Nuwamba, da hantsi

Na kai wa Hazim kunafa mai zafi, kayan zaƙin nan, da murafan ƙofa biyu a kujerar baya. Ya kalli murafan, ya kalli kunafar.

"Wa ya yi wa ƙofofin nan wannan aika-aika?"

"Wani tsoho ne mara kunya."

"Ka gaishe shi. Ka ce masa na yafe."

Ya mayar da su da sababbin maƙalai. Ya shiga saitin ya daidaita sautin yadda zai taru a kujerar direba. Duk maganar da ya yi min yau, ta hagu ya zagayo ya yi ta, kuma bai ce komai a kai ba. Yaron nan yana da tarbiyya.

Ban gaya wa kowa ba. Wa zan gaya wa?

Alhamis, 7 ga Nuwamba, bayan la'asar

Tasnim ta ce in ɗauke ta daga makarantar da take koyarwa a Amman. Rabona da ita tun kafin tafiyar uwarta. Ta shigo gaba, ta gaishe ni sama-sama, ta kalli sabon rediyon kamar ta ga kunama. Muna cikin cunkoso na hango bakinta yana motsi.

Na ce, "Jira in tsaya, ki koma baya, ta bayana."

"Au, ni ma ba ka son ji? Sai ka ƙara rediyon ai, Baba, tunda ka saya mai ƙarfi."

Na gangara gefen titi na tsaya. Na juyo gaba ɗaya na ce ta faɗa min me ake nufi da maganar rediyon nan da kowa yake jifana da ita.

Ta ce, "Ranar da ka kai Mama asibiti karɓar sakamako. Ka tuna?"

Na tuna. Ba wurin ajiye mota, na yi ta zagaye har ta fito. Na ce yaya, ta ce mu je tukuna.

"Ta kasa faɗa a bakin asibiti. Sai da kuka hau babban titi ta tattaro ƙarfinta ta faɗa maka abin da likita ya ce. Ta ce tana jin tsoro. Mama fa, Baba, ta ce maka tana jin tsoro. Kai kuma ka miƙa hannu ka ƙara muryar labarai."

Ina ganin ranar yanzu. Fuskar Wijdan tana wajen taga. Ana maganar farashin mai, na ƙara don in ji. Har gida ban ce mata komai ba, ina ce gajiya ce ta hana ta magana. Da muka isa na tambaye ta me za mu ci.

Na ciro takardar likitan kunne daga aljihun mota na miƙa mata. Ta karanta. Ta sa hannu ta toshe min kunnen hagu, ta matso ta dama, na ji ɗumin numfashinta kawai. Da ta saki sai na ga tana kuka tana dariya lokaci ɗaya.

"Me kika ce?"

"Na ce kai ne mutumin da ya fi kowa taurin kai a Zarƙa."

"Ba wannan ba. Me uwarki ta ce a motar?"

Ta goge ido da gefen mayafi. "Ba ni zan faɗa ba. Kai ta faɗa wa. Ka je ka ji."

Juma'a, 8 ga Nuwamba, bayan magariba

Na kama hanyar Irbid da sassafe. Ban kunna komai ba.

Suhaila ce ta buɗe ƙofa, hannunta baƙi da zaitun. "Lale da mai katin gas."

"Yaya Suhaila, ki yi min duk abin da za ki yi, amma daga baya."

Ta kauce. Tasnim ta riga ta kira su, na gani a fuskarta, amma ba ta fasa harara ba.

Wijdan tana zaune a tsakar gida cikin rana, da bargo a kafaɗa. Ta rame. Zoben hannunta ya koma yatsan tsakiya. Gidan cike da 'ya'yan Suhaila da jikoki, kowa ya yi kamar yana aiki, kowa kunnensa a kanmu. Na ce ta zo mu je mota. Ta tashi a hankali, ba ta karɓi hannuna ba.

Ta nufi ƙofar dama, na ce a'a, na buɗe mata ta direba.

"Ka haukace, Sabri? Yaushe na taɓa riƙe sitiyari?"

"Ba tuƙi za ki yi ba. Zauna kawai."

Ta zauna, ƙafarta ba ta kai ƙasa sosai. Ni na zagaya na zauna a kujerarta. Ban taɓa zama a nan ba. Ashe daga nan direba yana da nisa.

Ta ce, tana kallon gaba, "Tasnim ta gaya min. Ban yarda ba."

"Kina da gaskiya."

"Shekara nawa ina ce maka ka je a duba kunnen nan?"

"A ina kike faɗa?"

"A mota," ta ce. Ta dafe goshi da sitiyari, hon ya yi ƙara, kajin Suhaila suka watse. Kafaɗunta suna rawa, ban san ko dariya ce ba, ban kuma tambaya ba.

Da ta ɗago ta ce, "Ka san me na yi ta tunani a gidan nan? Na ce mutumin da na haifa wa 'ya'ya ya ji, ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya zaɓi farashin mai. Kullum da wannan nake kwana, ba da ciwon ba."

Na ce, "Ga ni. Wannan kunnen yana aiki. Ki sake faɗa."

"Sau ɗaya ma da ƙyar ya fito."

"Na sani."

Ta riƙe sitiyarin da hannu biyu kamar mai shirin hawa tudu. Sannan ta faɗa. Ba zan rubuta shi a nan ba. Na ji kowace kalma, har sunan abin, har ranar da suka sa za a yi mata aiki. Ta kai ƙarshe ta tsaya, ba ta faɗi ɗaya maganar ba, wadda Tasnim ta gaya min. Sai ni na faɗa. Na ce ina jin tsoro, Wijdan.

Ta ce, "To ka makara, ni na gama nawa. Yanzu layinka ne."

Mun dawo tare. Suhaila ta cika but da galan na sabon man zaitun, tana mita cewa baƙin akwatin nan ya hana ta saka na biyu. Wijdan ta zauna a baya, daidai bayana, ta jingo da goshinta a kujerata. Daga Irbid har Zarƙa ba ta yi shiru ba. Ta ce firjin gidan Suhaila wari yake, ta ce surukar Suhaila ba ta iya shinkafa ba, ta ce na yi aski mara kyau. Yanzu tana barci. Ta ga yadda na bar kicin, ta ce gobe za mu yi magana.

Litinin, 11 ga Nuwamba, da azahar, a asibiti

Sun shiga da ita ɗakin tiyata tun safe. Wa'il yana hanya daga filin jirgi, Tasnim ta sauka neman shayi. Kafin su tura gadon Wijdan ta kamo hannun wata ma'aikaciyar jinya ta ce, "Idan kun fito ku ɗaga murya, mijina kurma ne." Ma'aikaciyar ta yi dariya. Ni ma na yi.

Kujerun jira suna jere a jikin bango, kuma duk wanda ya zauna, ƙofar tana damansa. Na ɗauki ɗaya na juya ta. Mutane suna kallon tsohon da ya zauna yana fuskantar bango. Su kalla.

Litinin, bayan la'asar

Ba su ɗaga murya ba. Ƙofar ta buɗe, wata ta ce a hankali, "Mijin Wijdan?" Kafin ta rufe baki na miƙe.

An yi aikin. Sun ce sai a jira abin da gwaji zai nuna. Ta farka, ba ta da ƙarfin magana, leɓenta kawai ke motsi. Na zagaya gadon, na sunkuya, na kai mata kunnen hagu.

Ruwa take so.